Wata nawa ya kamata mai jifa ɗan jami'a ya yi a ƙananan gasa kafin a kai shi MLB, babbar gasar wasan baseball ta Amurka?

Kawu_Indiana:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da aka bai wa Paul Skenes kyautar Cy Young ta 2025, wadda ake ba gwarzon mai jifa, nake son kawo wannan magana. Pittsburgh Pirates sun zaɓi yaron nan na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na watan Yulin 2023 daga jami'ar LSU, suka ba shi dala miliyan 9.2 kuɗin sa hannu, amma bai taka babbar gasa ba sai 11 ga Mayun 2024. Wata goma ke nan. Mutane na cewa an yi sauri, ni kuwa a ganina an ɓata masa lokaci. Wasa bakwai ya fara a nan Indianapolis, matakin Triple-A, wato na ƙoli a ƙananan gasa, ya jefa zango 27 da ɗoriya (zango yana ƙarewa ne idan an fitar da mutum uku), ya kori masu bugu 45, wato ya fitar da su da jifansa, ERA ɗinsa 0.99. Na je filin Victory Field na gan shi da idona. Masu bugun nan ba yara ba ne, wasunsu sun taɓa buga MLB, amma haka suke zuwa suna komawa benci. To me ya koya a nan? Ra'ayina shi ne, duk mai jifan da ya yi shekara uku a jami'a, aka ɗauke shi cikin goman farko, kada ya haura shekara ɗaya a ƙasa. Jifan da ke cikin hannun mutum ƙidayayye ne. Wanda ya kashe a ƙaramar gasa ba zai dawo masa ba. Me kuka gani?

Sadauki_Kano:
Wa alaikumus salam Kawu. Mu da muke kallo a waya da tsakar dare, don Allah a riƙa yi mana bayani. Zango na gane, kora ma na gane. ERA ɗin ne har yanzu yake rikita ni.

Malam_Lissafi:
Sadauki, ERA matsakaicin makin da ake ci a hannun mai jifa ne a duk zango tara, wato tsawon wasa ɗaya, ban da makin da kuskuren masu tsaron fili ya jawo. Wanda ke da 4 matsakaici ne, mai 3 gwani ne. Skenes ya yi 1.96 a shekararsa ta farko, 1.97 a ta biyu. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa Kawu yake jin zafin makonnin da aka ajiye shi.

DanZongo_Bronx:
Kawu, da girmamawa, ka ɗauko mutum ɗaya da ba a samun irinsa sai a jima, kana so ka yanka wa kowa riga da awonsa. A jami'a, gwanin kulob sau ɗaya yake jifa a mako, yawanci daren Juma'a, sai ya huta kwana shida. A MLB wasa 162 ne a kaka, masu fara wasa biyar ne ke karɓa-karɓa, hutun kwana huɗu ko biyar ka sake hawa tudun jifa, ga jirgi, ga sauyin yanayi, tun ƙarshen Maris har ƙarshen Satumba. Ni tasi nake ja a New York. Wanda yake fitar da mota ranar Asabar kaɗai zai iya fi na iya tuƙi, amma ka ba shi sitiyari awa goma sha biyu kullum na wata shida ka ga yadda bayansa zai yi. Abin da ƙananan gasa ke koyarwa ke nan: jiki ya saba da maimaici. Skenes zango 122 da ɗoriya ya jefa a LSU a shekararsa ta ƙarshe. Mai fara wasa na gaske a MLB ana sa ran 180 zuwa 200 daga gare shi. Wannan tazarar ba a tsallake ta da baiwa.

Kawu_Indiana:
Ƙanena, ai sabawar za a iya yin ta a sama. Zango 133 kaɗai Pirates suka bar shi ya jefa a MLB a 2024. Ranar 11 ga Yuli a Milwaukee ya yi zango bakwai ba wanda ya samu bugu mai kyau ko ɗaya a hannunsa, ya kori 11, amma koci Derek Shelton ya cire shi a jifa na 99. Ka ga ana iya lallaɓa hannu a babbar gasa. Idan za a ƙidaya masa jifa ko ta yaya, gara a ƙidaya inda nasara ke da amfani.

Hajiya_Fiziyo:
Ina aikin gashi da motsa gaɓoɓi a wani asibiti a Maryland, kuma yaran makarantun sakandare masu jifa suna zuwa wurinmu sosai. Bari in faɗi abin da na sani game da gwiwar hannu. Akwai wata 'yar jijiya a cikin gwiwar, ta gefen jiki, ita ke riƙe ƙasusuwan biyu lokacin da hannu ya koma baya kafin a saki ƙwallo. Duk jifa mai ƙarfi yana ja mata kusan iyakar abin da za ta iya ɗauka. Idan ta tsinke sai tiyatar Tommy John, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi a 1974, kuma jinyarta shekara ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi.

Jijiyar nan ba ta san sunan gasar da ake bugawa ba. Mil 100 a awa a Altoona, inda ƙaramar ƙungiyar Pirates ta matakin Double-A take, daidai yake da mil 100 a Pittsburgh. Ta nan na yarda da Kawu. Amma akwai abin da ya bari. A babbar gasa babu mai bugu mai sauƙi, saboda haka yaro ba ya samun inda zai sassauta. A ƙasa zai iya jefa wa na bakwai da na takwas a jerin masu bugu da kashi tamanin na ƙarfinsa ya wuce lafiya. A sama kuwa kowane jifa da iyakar ƙarfi ne, ga mutum dubu talatin suna ihu, ga tsoron a mayar da shi ƙasa. Rahoton da MLB ta fitar a Disambar 2024 kan raunin masu jifa ya ɗora babban laifin a kan neman gudun ƙwallo da murɗa ta, da jifa da iyakar ƙarfi kowane lokaci. Yawan jifan kaɗai ba shi ne lissafin ba, har da nauyin kowanne.

Yar_Toronto:
Hajiya, Allah Ya ƙara basira. Amma ku bar ni in kawo namu. Trey Yesavage, na 20 a zaɓen 2024 daga jami'ar East Carolina. Ya fara kakar 2025 a Dunedin, mataki na can ƙasa, ya wuce Vancouver, ya wuce New Hampshire, ya wuce Buffalo, tsakiyar Satumba yana Blue Jays. Wasa uku kacal ya fara a kakar yau da kullum, sai ga shi a gaban Yankees a wasannin kifa-ɗaya-ƙwala ya kori 11, ba wanda ya samu bugu a hannunsa. A wasa na biyar na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofin MLB, a gidan Dodgers, ya kori 12 cikin zango bakwai. Da an ce sai ya cika shekara biyu a ƙasa, ina ganin ko ƙofar World Series ba za mu gani ba. Garin nan bai taɓa yin irin wannan dare ba tun 1993. Kofin dai ya kuɓuce mana a wasa na bakwai, amma ba don yaron ba.

DanZongo_Bronx:
Kada ki tuna min da wasan Yankees ɗin nan, 'yar'uwa. Amma ki duba abin da kika rubuta: mataki huɗu ya bi, ɗaya bayan ɗaya. Bai tsallake ko ɗaya ba. Hujjata ce wannan, ba ta Kawu ba.

Damagaram_Greensboro:
Mu a nan Greensboro ƙungiyar garinmu, Grasshoppers, ita ce ta Pirates a matakin High-A, wanda ke ƙasa da Double-A. Da aka zaɓi Skenes, mu 'yan Nijar da ke zuwa filin muka yi ta murna za mu gan shi. Sai aka ɗauke shi daga Bradenton kai tsaye zuwa Altoona, aka tsallake mu. Duk jifansa na 2023 a ƙananan gasa bai kai zango bakwai ba. Na ji haushi a lokacin, amma gaskiya babu abin da zai yi a nan. Ina kallon yaran da ke zuwa mana daga manyan jami'o'i. Da yawansu jifa iri biyu suke da shi, mai gudu da mai zamiya, kuma da su suka ci abinci a jami'a. A nan ma suna ci. Sai sun je Double-A ake gane wanda ba shi da na uku, domin a can mai bugu yana gane ka a zuwansa na biyu, na uku kuwa ya gama karanta ka. Ni a wurina ba wata ake ƙirgawa ba. Ka nuna min za ka iya bi ta kan mutum tara sau uku a Double-A, shi ke nan ka tafi.

Malam_Lissafi:
Maganar jifa na uku ta shafi Skenes ɗin kansa. Jifan nan nasa da ake kira splinker, mai nutsewa gab da isa wurin mai bugu, bai dogara da shi a LSU ba. Bayan an zaɓe shi ya gyara shi, kuma shi ya zama makaminsa a 2024. Wata goman da Kawu ke kuka da su ba a banza suka tafi ba.

Sai dai akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne ainihin dalilin jinkiri a lokuta da dama: kuɗi. Kwana 172 a jerin 'yan wasan babbar ƙungiya shi ake ƙirgawa shekara ɗaya ta aiki. Sai ɗan wasa ya cika shekara shida kafin ya samu 'yancin zuwa inda yake so. Idan ƙungiya ta riƙe yaro a ƙasa na mako biyu ko uku a farkon kaka, ba zai cika 172 ba, ta samu ƙarin kaka guda da shi a farashi mai rahusa. Haka Cubs suka yi wa Kris Bryant a 2015, ya ƙare da kwana 171. Yarjejeniyar 2022 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta zo da gyara: wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa ana ba shi cikakkiyar shekara ko yaushe aka kawo shi, kuma ƙungiyar da ta fara kaka da fitaccen yaronta, ya ci kyautar, tana samun ƙarin gurbi a zaɓe mai zuwa. Skenes ya ci kyautar. Pirates ba su samu ƙarin shekarar ba, ba su samu ƙarin gurbin ba. Bayan kakar 2029 zai iya tafiya.

Kawu_Indiana:
Allah Ya saka da alheri, Malam. Abin da nake nufi ke nan. Mafi ƙarancin albashi a MLB a 2024 dala 740,000 ne. Duk watan da aka ajiye yaro a ƙasa, an jinkirta masa ranar da zai ci guminsa, alhali hannunsa na iya tsinkewa kafin ranar ta zo. Ku tuna Danny Hultzen. Seattle suka zaɓe shi na biyu a 2011 daga jami'ar Virginia. Yana Triple-A kafaɗarsa ta lalace a 2013. Bai ga babbar gasa ba sai Satumbar 2019, da Cubs, wasa shida. Lallaɓawar me ta tsinana masa?

Baban_Khalifa_Houston:
Ni uba ne, ɗana yana jifa a makarantar sakandare, saboda haka wannan magana ba kallo ba ce a wurina. Abin da ke damuna, ana magana kamar yaron ya zo daga jami'a da sabon hannu. Ina! Tun yana shekara goma sha biyu ake jifa da shi bazara da hunturu, ƙungiyar makaranta daban, ta yawon gasa daban, ga wuraren baje koli inda kowa ke riƙe da na'urar auna gudu. Wani kocin ƙungiyar yawo ya taɓa so ya sa ɗana jifa Asabar da Lahadi a jere saboda kofi. Na ce a'a, muka bar ƙungiyar. A jami'a ma kocin nasara yake nema, domin aikinsa a kanta ya rataya. Skenes ya haura jifa 120 fiye da sau ɗaya a wasannin ƙarshe na 2023 kafin LSU ta ɗauki kofi. Shi ya sa na ga daidai ne da Pirates suka kusan rufe shi a sauran wannan shekarar. Duk yaron da aka zaɓa a Yuli bayan ya jefa zango ɗari tun Fabrairu, a bar shi ya huta. Maganar sama ta jira sabuwar kaka.

Sadauki_Kano:
Wannan ya tuna min da Pedri. Wasa sama da 70 a kaka ɗaya yana shekara 18, Barcelona, Euro, Olympics, daga nan cinya ta yi ta ba shi wahala. Ashe ko'ina haka ne.

Gwani_Chicago:
Sadauki, kusan haka, sai dai ɗan ƙwallon ƙafa yana warkewa ya dawo cikin makonni, mai jifa kuwa shekara yake rasawa.

Akwai hanya ta tsakiya da White Sox suka bi har sau biyu. Chris Sale, na 13 a zaɓen Yunin 2010, Agustan wannan shekarar yana babbar gasa, amma a matsayin mai karɓa, wato wanda ke shiga bayan mai fara wasa ya sauka, zango ɗaya ya sauka. Haka ya yi duk 2011, sai 2012 aka mayar da shi mai fara wasa, ya ci wasa 17. Ya koyi masu bugun MLB ba tare da an ɗora masa zango 190 tun farko ba. David Price ma haka Tampa Bay suka yi da shi a 2008, shi ya rufe wasa na bakwai da Boston ya kai su World Series. Garrett Crochet kuwa, a 2020 da korona ta hana ƙananan gasa, daga jami'ar Tennessee kai tsaye White Sox suka kawo shi cikin wata uku.

DanZongo_Bronx:
Crochet ɗin da aka yi wa Tommy John a 2022? Bai zama mai fara wasa ba sai 2024, shekara huɗu bayan zaɓensa. Da an bar shi ya gina zangonsa a ƙasa, wa ya sani ko da White Sox sun mori shekarunsa maimakon Boston da suka karɓe shi daga baya? Kuma ka manta Brandon Finnegan. Ya buga World Series ta jami'o'i da TCU a Yunin 2014, ya buga ta manya da Kansas City a Oktoba. Labari mai daɗi. Daga nan aka yi ta kai shi da kawo shi tsakanin karɓa da farawa, aka ba Cincinnati shi a musayar Johnny Cueto, kaka ɗaya cikakkiya ya samu a 2016, kafaɗa ta tashi, 2018 ce ta ƙarshe. Ƙungiyar ta samu abin da take so. Yaron fa?

Alhaji_Tsohon_Hannu:
Ina karanta ku tun ɗazu. Na zo ƙasar nan karatu tun kafin a haifi wasunku, kuma na ga Mark Prior. Na biyu a zaɓen 2001 daga USC, Mayun 2002 yana Cubs bayan wasa tara a ƙasa. A 2003 ya ci 18 ya faɗi 6, ERA 2.43. Ban taɓa ganin jifa mai tsabta irin nasa ba. Bayan 2006 bai sake jifa a MLB ba, yana ɗan shekara 25 aka rasa shi. Mutane suna cewa saurin kawo shi ne. Ni ban yarda ba. Ya cancanci zuwa ranar da ya zo. Abin da aka yi da shi bayan ya zo shi ne abin dubawa: zango 211 a cikakkiyar kakarsa ta farko, kocinsu Dusty Baker yana barinsa ya haura jifa 120 a kai a kai a ƙarshen kaka, 133 a wasa ɗaya da Atlanta. Ga karon da ya yi da Marcus Giles na Atlanta, ga ƙwallon da ta fasa masa gwiwar hannu a 2005. Ranar zuwa ƙaramar magana ce a kan wanda zai karɓe ka idan ka zo. Yau Prior shi ne kocin masu jifa na Dodgers, kuma ba za ka ga ya bar yaro ya yi abin da aka sa shi ya yi ba.

Hajiya_Fiziyo:
Alhaji, ranka ya daɗe, ga kuma ɗaya gefen. Stephen Strasburg an lallaɓa shi iyakar lallaɓawa. Washington sun zaɓe shi na ɗaya a 2009, ya fara wasa 11 a ƙasa ana ƙirga masa kowane jifa, ya zo 8 ga Yunin 2010 ya kori 14. Agusta jijiyar ta tsinke. A 2012 suka dakatar da shi a zango 159 suna kan gaba a rukuninsu, suka shiga wasannin ƙarshe babu shi, St. Louis ta fitar da su. An zage su sosai. Amma a 2019 shi ne gwarzon World Series. Ni dai ina ganin dakatarwar ce ta saya masa waɗannan shekaru bakwai, ko da yake ba wanda zai iya tabbatarwa.

Kawu_Indiana:
Hajiya, Gerrit Cole ya yi shekara biyu cur kafin Pirates su kawo shi a Yunin 2013, shi ma wuƙar ta same shi a 2025. Mike Leake kuwa ko wasa ɗaya bai yi a ƙananan gasa ba kafin Cincinnati su fara da shi a 2010, ya yi kaka goma, ya ci wasa sama da 100.

Malam_Lissafi:
Kawu, Leake ba mai gudu ba ne, da dabara da saiti yake jifa, irin hannun da ba ya cin jijiya. Cole kuma ya yi kaka goma sha biyu da Cy Young ɗaya kafin tiyatar. Idan jinkirin shekara biyu ne ya ba shi wannan, wane uba ne zai ƙi?

Yar_Toronto:
Amma wa ya ce jinkirin ne ya ba shi? Justin Verlander an zaɓe shi 2004, Yulin 2005 ya fara, ya haura shekara 40 yana jifa.

Damagaram_Greensboro:
Duk sunayen da muke kawowa na ɗaya ne, na biyu, na goma. Zaɓen nan zagaye 20 ne. Yawancin 'yan jami'ar da nake gani a filinmu ba za su taɓa ganin MLB ba, waɗanda za su gani kuma sai sun yi shekara uku ko huɗu. Ko na ɗayan ma ba tabbas: Mark Appel, Houston suka ɗauke shi na ɗaya a 2013 daga Stanford, kowa na cewa a shirye yake, bai fara ba sai 2022 da Philadelphia yana shekara 30. Dokar shekara ɗaya ta Kawu da an bi ta a kansa, da an kai shi sama ana dukansa a High-A.

Kawu_Indiana:
Wanda ake duka a ƙasa ban ce a kai shi ba. Na ce wanda ya gagari na ƙasa kada a riƙe shi saboda kwana 172. Chase Burns, na biyu a 2024, Yunin 2025 Cincinnati suka kawo shi, ya kori mutum biyar na farko da ya fuskanta. Ƙungiyoyin da kansu sun fara dawowa kan maganata.

DanZongo_Bronx:
Yankees ɗinmu ne mutum biyar ɗin, na kalla. Wasansa na biyu a Boston ko zango ɗaya bai gama ba, Kawu. A Agusta kuma aka ajiye shi saboda ciwon gwiwar hannu.

Baban_Khalifa_Houston:
Hajiya Fiziyo, don Allah in tambaye ki a nan don wasu iyayen su amfana. Ɗana yana cewa gefen gwiwar hannunsa na ciki yana masa tsami washegarin wasa, kwana ɗaya ya daina. A kai shi a duba, ko hutu ya isa?

Hajiya_Fiziyo:
Baban Khalifa, ciwo a wannan gefen ba a jira da shi. Ya daina jifa daga yau, ku ga likitan ƙashi na 'yan wasa cikin makon nan, kuma ka gaya wa kocinsa da bakinka, kada ka bar wa yaron, domin ba zai faɗa ba.